Tunda aka yi wa muzuruna aiki 'yar uwarsa ta ƙi shi, me zan yi?

Ummu_Kulu:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwon kyanwa. Dan Allah shawara nake nema, yau kwana biyu ke nan ban yi barcin kirki ba. Maguna biyu gare ni, ciki ɗaya aka haife su, Goje namiji da Kulu mace, watansu shida da 'yan kwanaki. Tun suna jarirai ba su taɓa rabuwa ba, kwano ɗaya suke ci, wuri ɗaya suke kwana, wani lokacin ma sai ka rasa wace wutsiya ce ta wane saboda yadda suke nannaɗe juna. Ita Kulu kuwa kyanwar Lami ce, ba cizo ba yakushi, ko yara suka ja mata kunne sai dai ta tashi ta ba su wuri.

To shekaranjiya na kai Goje asibitin dabbobi aka yi masa fiɗiya, saboda ya fara fesa fitsari a bango da labule kuma warin ba ya jurewa, ga kukan dare yana son ya fita. Da safe na kai shi, da yamma na ɗauko shi yana ta layi kamar wanda ya sha wani abu. Ina buɗe kwandon a falo Kulu ta taho da gudu kamar yadda ta saba, ta shinshina shi sau ɗaya, wlh sai ga wutsiyarta ta kumbura kamar tsintsiya, ta kwantar da kunne ta yi masa wani irin huci da ban taɓa jin ta yi ba, kafin in ankara ta kai masa mari a fuska. Shi kuma bawan Allah bai ma san abin da ke faruwa ba, binta yake yi yana son ya jingina da ita tana ƙara kai masa hari.

Tun daga ranar haka muke. Ko ƙofar ɗakin da yake ta wuce sai ta yi gurnani. Jiya ma ni ta yi wa huci bayan na ɗauke shi na zo zan taɓa ta. Ta daina cin abinci a inda suka saba, sai na kai mata saman firij take ci.

Tambayata, aikin ne ya canza shi har ta ƙi shi? Shi ke nan sun zama abokan gaba? Domin in haka ne gara ban yi ba. Kuma ita ma an ba ni ranar nata aikin nan da sati biyu, yanzu ina tsoron in kai ta. Sannan naga kamar yana jin ciwo, yana tafiya a hankali, ko in ɓalla masa rabin farasitamol a ruwa?

Sarkin_Muzurai:

Wa alaikumus salam. Hajiya ki kwantar da hankalinki, faɗan maguna ne kawai. Ki buɗe musu ƙofa ki bar su, su yi sau ɗaya sau biyu kowa zai san matsayinsa. Ni nawa haka nake musu, kulle-kullen nan shi ke ƙara lalata su.

MaiJinyarDabbobi:

Kafin komai Hajiya, dan girman Allah kar ki ba shi farasitamol, ko rabi ko kwata ko ɗan gutsure. Na ga wannan layin ne na ajiye abin da nake yi na shigo. Hantar kyanwa ba ta iya narkar da wannan maganin irin yadda tamu ke yi, ƙwaya ɗaya ta manya tana iya kashe ta, jininta ya daina ɗaukar iska, dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska da tafin ƙafa su kumbura. Haka ma ibufurofen da sauran magungunan ciwon jiki na mutane. In kin ga yana jin ciwo ki kira inda aka yi aikin, akwai nasu na kyanwa da ake aunawa daidai da nauyinsa, mai yiwuwa ma an riga an yi masa allurarsa ranar aikin, to kin ga ɗora wani a kai haɗari ne a kan haɗari. Garin neman gira kar a rasa ido.

Shi kuma Malam da ya ce a bar su su yi, ka yi haƙuri amma ban yarda da kai ba, ko don raunin da ke jikinsa. Kwana biyu da yanka, ta kama shi da ƙafar baya a wurin fa? Ga shi bakin kyanwa cike yake da ƙwayoyin cuta, haƙorinta siriri ne yana shiga ciki ramin ya rufe daga sama, bayan kwana uku sai ka ga wurin ya kumbura ya tara mugunya. Rabin ƙurajen da muke fasawa a jikin muzurai daga cizon faɗa ne.

Zan dawo in yi bayanin sauran in na tashi daga aiki.

Anti_MaiMaguna:

Ƙanwata sannu, na san irin wannan tashin hankalin, na shiga shi ba sau ɗaya ba. Shekara goma sha wani abu ina kiwon maguna, yanzu haka biyar ne a hannuna kuma duk an yi musu aiki. Abin da zan fara gaya miki, Goje bai canza ba. Kwana biyu ba su isa aikin ya canza halin kowa ba. Kulu ce ba ta gane shi ba.

Mu da ido muke gane ɗan uwa, su kuwa da hanci. Kin lura yadda suke goga kumatu a ƙafar kujera, a bakin ƙofa, a ƙafarki, sannan su goga a jikin juna su yi ta lasar kan juna? Akwai wasu ƙananan wurare a kumatunsu da haɓa da gindin wutsiya da tsakanin yatsu da suke fitar da wani ƙamshi wanda mu ba ma ji, to wannan goge-gogen da lashe-lashen shi ke haɗa ƙamshin kowa ya zama ɗaya, ƙamshin gida. Duk wanda ke ɗauke da shi ɗan gida ne. Sai ga Goje ya fita da safe da wannan ƙamshin, ya dawo da yamma yana warin maganin goge rauni, warin allurar barci da ke fita ta numfashinsa, warin hannun mutanen da ba ta sani ba, warin wasu maguna da karnuka da suka kwana a kejin kafin shi, ga jini. Kuma yana layi, idonsa a buɗe wawakeke, ba ya tafiya irin tasa. A wurin Kulu wani baƙon muzuru ne ya shigo mata gida cikin rigar ɗan uwanta. Hucin da ta yi miki ma shi ne, warinsa ta ji a hannunki. Kuma ki sani tsoro ne ba mugunta ba, kyanwar da ta koma saman firij tana cin abinci ba mai neman faɗa ba ce, mai neman tsira ce.

Wannan abin ko ba fiɗiya ba yana faruwa. Akwai tawa da na kai aka cire mata haƙori kawai, uwarta da ta haife ta ta yi kwana huɗu tana koranta.

Ga yadda nake yi, ki ɗauki wanda zai yiwu miki. Ki ware masa ɗaki shi kaɗai, ruwansa, abincinsa, tiren yashinsa, da tsumman da suka saba kwanciya a kai su biyu wanda ba a wanke ba, wannan tsumman ya fi komai amfani don shi zai mayar masa da ƙamshin gida. Kar su ga juna ko kaɗan na kwana biyu zuwa uku. Kwandon da kika ɗauko shi a ciki ki wanke ki ɓoye, shi ma warin asibiti yake. Daga nan ki samu safa mai tsabta ki sa a hannu ki shafa kumatun Kulu da haɓarta lokacin da take cikin natsuwa, ki je ki shafa wa Goje a kai da gefen jiki (ban da wurin aikin), ki samu wata safar ki shafa nasa kumatun ki ajiye mata kusa da inda take ci, ba a cikin kwanon ba, ɗan nesa. Kar ki tura mata a hanci. In ta shinshina ta yi huci ki matsar da ita baya gobe ki sake, in ta shinshina ta wuce abinta to an fara samun hanya. Wani lokacin za ki ga ta shinshina ta ɗan buɗe baki ta tsaya sororo kamar wadda ta ji abin mamaki, ba komai ba ne, akwai wata kafa a saman bakinsu da suke ɗanɗana wari da ita, karatu take yi.

Bayan nan ki rinƙa ba su abinci lokaci ɗaya, shi ta ciki ita ta waje, ƙofa a rufe a tsakaninsu, kwanonin da nisa da ƙofar da farko kina matso da su kullum kaɗan kaɗan. Ki rinƙa musanya musu wuri ma, ita ta shiga ɗakinsa ta yi bincikenta shi kuma ya fito ya zaga falo na ɗan lokaci. Sai kin ga suna ci a bakin ƙofa ba gurnani sannan ki buɗe ta faɗin yatsa biyu ki tokare da wani abu. Haɗuwar farko minti biyar ta isa, ki raba su tun ana dariya.

Huci ɗaya biyu ba komai, magana ce, tana cewa tsaya daga nan. Abin da ba a so shi ne zuba ido ba ƙiftawa, da bin juna a guje, da tare hanya. In suka kama da gaske kar ki sa hannu wlh, ga tabo nan a hannuna har yau, ki jefa musu bargo ko ki zura kwali a tsakaninsu. Kuma kar ki daki Kulu ko ki yi mata tsawa, abin da za ta riƙe shi ne duk lokacin da wannan baƙon ya bayyana ana yi mini ihu, sai ƙiyayyar ta samu gindin zama.

Dalilin da ya sa nake ƙin shawarar a bar su su daidaita, karnuka ne ke yin faɗa su shirya. Maguna ba su da wannan al'adar ta sulhu bayan rikici, wadda ta tsorata ƙaura take yi, in babu wurin ƙaura sai a zauna zaman doya da manja. Abin da zai wuce cikin sati ɗaya faɗa guda mai tsanani sai ya mayar da shi na watanni.

Sarkin_Muzurai:

To Anti na ji, na janye. Amma ni da aka yi wa nawa aiki, wanka na yi musu duka biyun da sabulu ɗaya, washegari suka shirya.

Anti_MaiMaguna:

Ka yi sa'a ne ɗan uwa. Ba a jiƙa rauni sai ya warke, kwana 10 zuwa 14. Kuma in ka wanke su duka ka goge wa kowa ƙamshinsa, maimakon baƙo ɗaya sai ka samu biyu.

Ummu_Kulu:

Innalillahi, wlh har na ɓallo maganin na ajiye a kan tebur, Allah ne ya sa na tsaya na tambaya. Na gode ƙwarai. Na kira asibitin sun ce in zo gobe in karɓi nasa. Anti na yi abin da kika ce, na mayar da shi ɗakin baƙi da tsohon tawul ɗinsu. Amma har yanzu akwai abin da ban gane ba, in ba aikin ya canza shi ba to yaushe zai canza? Domin yau da safe na kama shi ya juya wa bangon ɗakin baya yana karkaɗa wutsiya ya fesa, kamar ba a yi masa komai ba. Ko dai ba su cire duka ba ne?

MaiJinyarDabbobi:

Na dawo. Anti ta gama maganar wari, ba abin da zan ƙara sai dai in ce abin da ta faɗa muna ganinsa kullum, har mukan ce wa masu maguna biyu su zo da tsumman gida a cikin kwandon.

Abubuwa biyu ne kike gani a lokaci ɗaya shi ya sa suka cakuɗe miki. Na farko rikicin wari, wannan na kwanaki ne. Na biyu canjin da aikin kansa ke kawowa, shi kuma na makonni ne. An cire 'ya'yan marainan da ke samar da sinadarin maza, testosteron, amma jiki da ƙwaƙwalwar da suka saba da shi ba ranar suke sakin halin ba, a hankali abin ke dushewa. Abin da za ki fara lura da shi warin fitsarin ne zai ragu, wannan ƙaurin mai hawa kai. Sai kukan dare da son fita, sai fesawar. Wasu cikin sati biyu sun daina, wasu sai wata ɗaya ko biyu. Kusan 9 cikin 10 na muzurai suna daina fesawa ko su rage sosai bayan aiki, ɗayan da ya rage kuma yawanci ba barbara ke sa shi ba, damuwa ce. Goje kuwa yanzu yana cikin damuwar, an kulle shi a ɗaki, 'yar uwarsa na masa gurnani ta ƙarƙashin ƙofa, to fesawar nan hanyarsa ce ta cika ɗakin da warin kansa ya ji ya samu natsuwa. Ki wanke wurin da kyau, amma ban da duk abin wanki mai amoniya, warinsa na kama da na fitsari sai ya koma ya sake yi a wurin. Akwai masu wanki na musamman da ke narkar da fitsarin dabba, in babu ki yi da garin wankin kaya da ruwan ɗumi ki ɗauraye ki bari ya bushe sarai.

Maganar ba a cire duka ba, yana faruwa amma ba ta yadda kike zato ba. Akwai muzurun da ɗaya daga cikin marainansa ba ya saukowa, yana maƙalewa a ciki ko a matsematsi, kuma likita yana ganin haka tun kafin ya yanka, zai gaya miki. In ba a ce miki komai ba to biyun aka cire. Jakar kuma ba a cire ta, tana iya ɗan kumbura kwanakin farko har ki zaci suna nan. In bayan wata biyu yana nan yadda yake da wari da komai, akwai hanyar dubawa mai sauƙi, gaban muzuru yana da wasu ƙananan ƙayoyi da sinadarin ne ke riƙe su, wajen sati shida bayan aiki suke ɓacewa, in likita ya duba ya ga suna nan to akwai sauran abu a ciki.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a labarinki, kuma ba wanda ya taɓo shi. Kulu ba a yi mata aiki ba, watanta shida. Kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu, kuma su ba ruwansu da wa da ƙanwa. Goje kuma duk da an yi masa aiki akwai sauran maniyyi a hanya, yana iya yi mata ciki har zuwa sati huɗu ko shida. Saboda haka ko sun shirya gobe kar ki bar su su kaɗai ba idonki sai an yi nata. Kar ki ɗaga ranar. Ki ma gaya wa likitan cewa tare suke zaune da namiji har zuwa wannan satin, ya duba ta da kyau. In kin ga tana birgima a ƙasa tana kuka mai tsawo, tana ɗaga baya ta kawar da wutsiya gefe in kin shafa ta, to ta shiga neman namiji, kuma shi kansa wannan yana sa su saurin fushi. Ban da maganar ciki, yin aikin da wuri yana rage mata haɗarin ciwon dajin nono sosai, wanda a maguna yawancinsa mugu ne, kuma yana kawar da ciwon da mahaifa ke tara mugunya.

Nata aikin ya fi nasa girma, ciki ake buɗewa a cire jakar ƙwai, yawanci har da mahaifar, akwai ɗinki, za a sa mata abin wuyan nan mai kama da mazurari ko 'yar riga don kar ta lashi wurin. Ki sa a ranki abin da ya faru zai iya juyawa, wannan karon Goje ne zai ƙi ta, mazurarin kansa yana tsorata ɗayan. Amma yanzu kin san dawan garin, daga kwando sai ɗakinta kai tsaye, kar ki buɗe a falo. Kuma ki hana shi lasar mata ɗinkin, na taɓa ganin wadda ta hana tata lasa da mazurari ashe ɗan uwan ne ke tsinke zaren da dare.

Shi kuma ki sa masa ido a kan waɗannan. In ya wuce awa 24 bai ci komai ba, ko yana shiga yashi yana yunƙuri fitsari ba ya fita, ko wurin na zubar jini ko ruwa mai wari, ko ya lafe ba ya son motsi dasashinsa ya yi fari, kar ki jira safiya. Na fitsarin ya fi gaggawa, muzurun da mafitsararsa ta toshe kwana ɗaya zuwa biyu ne tsakaninsa da mutuwa. Kulu ma ki tabbata tana ci ko a saman firij ɗin ne, kyanwa in ta yi kwanaki ba ci hantarta ke taɓuwa.

Baban_Duna:

Ni dai bari in faɗi nawa don kar a ce kowa daɗi ya ji. Muzurai biyu gare ni, Duna da Ɗan Fari, ba 'yan uwa ba ne, Duna na tsinta a bakin hanya yana da wajen shekara huɗu, irin masu faffaɗan kumatun nan da yagaggen kunne, ya ga jiya ya ga yau. Rana ɗaya na kai su aka yi musu, kwando daban daban, kuma gaskiya ban ga wannan matsalar warin ba tunda duka biyun warin asibitin suke, kowa ya dawo yana layi ya nemi lungunsa. To amma faɗan da na yi tsammanin zai ƙare bai ƙare duka ba. Faɗan da ake zubar da jini ya tafi, wannan kam alhamdulillahi, yawon dare ma ya ragu sosai, da sai ya yi kwana uku ban gan shi ba. Amma har yau shekara biyu Duna yana kama wuyan ƙaramin ya hau bayansa, kuma yana zama a bakin hanyar yashi kamar mai gadi, ba ya yin komai, kwanciya kawai yake yi yana kallo, shi kuma ƙaramin ya kasa wucewa sai ya je ya yi mini a bayan kujera. Na daɗe ina ɗora wa ƙaramin laifi kafin in gano wanda ke hana shi.

Abin da ya gyara mini, na ƙara tiren yashi ya zama uku, ɗaya ɗaya da ƙarin ɗaya, kuma ba a jere ba, kowanne da kusurwarsa yadda mai gadin ba zai iya tsare duka ba. Kwanon abinci ma na raba musu ɗaki. Na kafa katako biyu a bango ƙaramin ya samu wurin hawa. Ba su zama aminai ba, ba sa lasar juna, amma ana zaman lafiya kowa da lokacin da yake hawa taga. Abin da ya saba da shi shekara huɗu wuƙar likita ba ta cire shi ba. Naki kuwa yara ne kuma da can suna son juna, ba irin nawa ba ne.

Sai ƙiba. Ba wanda ya gaya mini, cikin wata shida Duna ya zama kamar matashin kai. Bayan aiki cin su yana ƙaruwa alhali abin da jikinsu ke ƙonawa ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin huɗu, in kika bar kwano a cike kullum za ki sha mamaki. Kuma hakan ma yana jawo rikici, wanda aka yi wa aiki ya gama nasa ya tura kai cikin na ɗayan. Ki rinƙa aunawa.

'YarMage22:

Tambaya dan Allah, tunda ana maganar. Tawa bayan aiki ta koma manne mini ko bayi na shiga sai ta zauna a ƙofa tana kuka, da can ba ta damu da ni haka ba. Shi ma aikin ne?

Anti_MaiMaguna:

In kwanakin farko ne maganin ciwon da ake musu yana sa wasu su yi ta goga jiki suna wannan ƙugin na jin daɗi ba dalili, ido a buɗe, yana wucewa. In kuma ya daɗe to lokacin da da take ɓatawa a taga tana neman hanyar fita ne ya dawo kanki. Amma farauta da wasa da wayo duk ba sa tafiya, tawa babbar shekararta tara da aiki har yau ƙadangare ba ya wuce ta.

Ummu_Kulu:

Na dawo da labari, yau kwana tara. Kwana uku na farko ba wani ci gaba, safar ma sai da ta mare ta ta faɗo daga kan firij. Rana ta huɗu na same ta kwance a kan tawul ɗin da na fito da shi daga ɗakinsa. Sai na yi gaggawa, laifina ne, na buɗe ƙofar gaba ɗaya a rana ta biyar don na ga kamar an shirya, shi kuma da murnarsa ya taho a guje, ta bi shi har ƙarƙashin gado, ba a ji rauni ba amma mun koma baya sai da na sake farawa daga abinci a bakin ƙofa. Na samo abin nan da ake sakawa a soket, Feliway, mai fitar da ƙamshi irin na kumatun kyanwa don kwantar musu da hankali, ban san ko shi ya taimaka ko lokaci ne kawai ba.

Jiya da yamma na tokare ƙofar da takalmi, ya zuro hannu ta kafar ita kuma ta tsaya tana kallon hannun, can sai ta taɓa shi ba farce. Yau da safe na haɗa su minti goma ina zaune da kwalina a hannu kamar mai tsaron gida, ta shinshina masa hanci, ta zaga ta shinshina baya ta yi huci ɗaya, sannan ta lashi kunnensa sau biyu ta tafi abinta kamar ba ita ba. Ba su koma kwana tare ba tukuna kuma da dare ina raba su saboda maganar cikin nan. Fesawa sau ɗaya ya ƙara yi tun rannan, warin kuma ya ragu sosai.

Alhamis ne nata aikin. Na riga na ajiye tsumma biyu a inda kowannensu ke kwana ba zan wanke ba. Abin da ban yanke ba, ɗakin da Goje yake ciki yanzu zan saka ta in ta dawo ko in gyara mata wani daban?

Anti_MaiMaguna:

Ɗakin nasa ya fi, warinsa na ciki zai kama jikinta da wuri. Ki dai canza yashin, kuma ki fitar da duk abin da za ta iya hawa ta diro, wannan mai son saman firij ɗin da ɗinki a cikinta.